Ƙanzon Mma Damata

Maamobi, Accra
6 ga Agusta, 2023

Kawu Ziblim,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da Inna Hamdia da yara, da fatan damina tana yi muku yadda kuke so. Mu nan lafiya, in ban da gwiwar Mma, wadda ita ce dalilin wannan takarda. Sista Fauzia da maigidanta suna gaisuwa daga unguwar Madina, nan Accra.

Kafin komai bari in yi ƙorafina. Ni da nake gyaran wayar mutane a kasuwar Circle tun safe har yamma, ni ne yau na sayi biro da takarda saboda kawuna ya ƙi waya. Na san injin niƙa ya cinye maka kunne, amma ai bai ci ido ba, kuma saƙo karanta shi ake yi. Ka ce rubutun waya ƙwayar gero ne. To, na bi. Zan ba Mutawakilu direban motar doya a kasuwar Agbogbloshie ya kawo maka Yendi. Da Hausa kuma zan rubuta, don Dagbancina ka san shi, daga gaisuwa sai neman ruwa.

Kawu, ƙanwarka ta gaji. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana dafa waakye, shinkafa da waken nan na sayarwa, a bakin lungunmu. Ta tashi kafin ladan, ta sha hayaƙi, ta tsaya a ƙafa har hantsi tana zuba wa mutanen da rabinsu ko sannu ba sa cewa. Yanzu gwiwar dama ta kumbura kamar gwanda. In za ta tashi daga kujera sai ta dafa bango ta ambaci Allah sau biyu. Na ce mu je asibiti, ta ce ranar Juma'a. Juma'a huɗu sun wuce.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tukunya. Kullum sai ta kama. Matar da ta shekara talatin a kan abu guda, a ce har yau gindin tukunyarta yana yin ƙanzo mai kaurin tafin hannu? Da ina yaro ban kula ba. Yanzu da nake lura, gani nake ƙaruwa yake yi. Ko ido ne, ko mantuwa ce ta fara, ban sani ba. Na yi mata magana, ta ce, "To, Malam mai littafi, an ji."

Kuma akwai waɗanda suka mayar da kuskurenta abincinsu. Da ƙarfe goma, in layi ya watse, sai ka gan su suna sulalowa. Baba Osumanu tela, wanda ido ya hana shi zura zare, yana zuwa da riga a goge kamar mai zuwa ɗaurin aure, da cokalinsa a aljihu. Da cokalinsa, Kawu. Sai wata Amama 'yar kayaye, mai dako a kasuwa, da goyonta, da wasu uku da ban ma riƙe sunansu ba. Wai sun zo taya ta kankare tukunya. Su kankare su cinye, su kora da ruwa, su yi ta surutu, ita tana zaune da kumburarriyar ƙafa tana yi musu dariya.

Ka san ni da karatu. Na bar makaranta amma ban bar littafi ba, na gwanjo da ake shimfiɗawa a ƙasa a Circle, wasu ba bango, wasu ba ƙarshe. Bana na bi waɗanda suke magana a kan farin ciki, mene ne shi, ina ake samunsa. Na karanta bakwai. Faɗa suke da juna a kan komai, amma na tsamo abu guda: wanda jikinsa ke ciwo, kuma ba shi da sa'a ɗaya tasa ta kansa, ba a ma fara maganar farin ciki da shi ba. Ban taɓa ganin Mma ta zauna don zama kawai ba.

Sista Fauzia ta gama ɗakin baya a gidansu. Tayil, fanka, banɗaki a ciki, ba kwata a ƙofa, ba hayaƙi. Mun ce Mma ta koma can ta huta, ta ƙi. Mu 'ya'yanta ba mu da baki, amma kai yayanta ne, ba ta taɓa tsallake maganarka ba. Ka rubuto ka ce mata ta huta. Layi biyu sun isa.

Ɗanka,
Nasrullahi

Yendi
14 ga Agusta, 2023

Ɗana Nasrullahi,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta iso. Na karanta ta sau biyu, na biyun a hankali, don da gudu ka rubuta ta. Muna lafiya. Ruwa yana sauka, doya ta yi kyau, zabina goma sha ɗaya sun koma tara, shaho ya san inda biyun suke. Innarka tana gaishe ku. Ka gaida Fauzia da maigidanta. Ka gaida Damata, ka ce mata gwiwa ba ta san Juma'a ba, ta je a duba ta.

Rubutunka ya yi kyau. Ashe hannun da ke buɗe waya yana iya riƙe biro.

Gaskiya ka faɗa a kan gajiyar. Tun muna yara ban taɓa ganin Damata ta zauna hannu sake ba, kuma in akwai wanda ya cancanci hutu a gidanmu, ita ce. Na ji daɗi da kuka yi tunaninta, kai da 'yar'uwarka. Ba kowane ɗa ne yake ganin kumburin ƙafar uwarsa ba.

Littattafan nan bakwai ban san su ba. Ni na kusa sittin, in ka tambaye ni mene ne farin ciki shiru zan yi, ko da kunnena yana ji. Jiya na zauna ina kallon zabi suna bin fara, ban san lokacin da la'asar ta yi ba. Ko shi ne, ko ba shi ba ne, ka duba mini a littafi na takwas.

Maganar tukunya kuwa doguwa ce, ba ta layi biyu ba ce. Ga Mutawakilu can bakin hanya yana ɗaga mini hannu, an ce tun ɗazu yake hon. Zan zauna in rubuta maka ita a tsanake, ta biyo shi a zuwa na gaba. Ka yi haƙuri har ta iso.

Kawunka,
Ziblim

Maamobi
27 ga Agusta, 2023

Kawu,

Sallama da gaisuwa a gare ku duka. Allah ya raya sauran zabin. Mun je asibiti, likita ya ce ƙashin gwiwar ne ya cinye, ya ba da magani, ya ce ta rage tsayuwa. Ka ga ba ni kaɗai ba ne.

Na gode, Kawu, an gama. Na zaunar da Mma na karanta mata inda ka ce in akwai wanda ya cancanci hutu a gidanku, ita ce. Ta ce, "Yaya Ziblim ne ya rubuta haka?" Na nuna mata sa hannunka, ka san shi kaɗai take ganewa a boko. Ta ce, "Me kuma ya ce?" Na ce maganar zabi ce. Sauran ban karanta mata ba, don ban ga abin da zai ƙara ba. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce zuwa ƙarshen wata za ta duba.

Ni ban jira ƙarshen wata ba. Ranar Alhamis na ƙi zuwa aiki. Da ƙarfe goma Mma ta shiga ɗaki shafa magani, sai ga mutanen nan sun hallara a kan benci. Na ce musu daga yau an rufe. Baba Osumanu ya ce, "Lafiya dai, ɗana?" Na ce, "Lafiyar ce muke nema mata. Shekara nawa kuna cin kuskuren tsohuwa, ba wanda ya taɓa ce mata wuta ta yi yawa. Wanda yake jin yunwa ya je ƙofar masallaci ya miƙa hannu kamar kowa." Baba Osumanu ya miƙe. Ya goge cokalinsa da hankici, ya mayar aljihu, ya ce, "Allah ya ba ta lafiya," ya tafi. Sauran suka bi shi. Ban ce na yi magana mai daɗi ba, amma gaskiya na faɗa.

Abin mamaki, da Mma ta fito ta ga benci wayam ba ta tambayi komai ba. Da yamma ita da kanta ta ce in kira Fauzia. Ran Asabar muka kai ta Madina. Tukunyar na wanke ta tas, na kife ta a ɗaki.

Da ka ga ɗakin. Na kunna mata fanka, na nuna mata yadda ake canza tasha, na ɗora ƙafarta a kan matashi. A trotro, motar haya, ina dawowa na ji kamar an zare mini ƙaya daga ƙirji. In wannan ne abin da littattafan ke nufi, to na ɗanɗana.

Mutawakilu bai shigo ba wannan makon, zan bar takardar a rumfar dillalinsa. Doguwar maganar tukunya, ka turo ko don tarihi.

Ɗanka,
Nasrullahi

Maamobi
24 ga Satumba, 2023

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya kuke, ko da yake ban san wace irin lafiya ce take hana mutum rubutu fiye da wata guda ba. Sau uku ina zuwa Agbogbloshie, ba Mutawakilu ba motarsa, wayarsa a kashe. Wannan ma a rumfar zan bar ta. In kuma ka sami labari ta wata hanya kake fushi da ni, ka faɗa. Gara a zage ni da a yi mini shiru.

Gwiwar Mma ta saɓe, kumburin ya sauka. Wannan ne labari mai daɗi, kuma shi kaɗai ne.

Ba ta cin abinci. Cokali biyu, ta ce ta ƙoshi. Zanen da take ɗaurawa sau ɗaya yanzu yana zagaye ta har ya yi saura. Har yau tana tashi kafin ladan, ta yi wanka, ta ɗaura kallabi, ta zauna a bakin gado kamar mai jiran mota. Ta share tsakar gida sau uku, tayil ɗin da ko ƙura babu. Layin su Sista Fauzia katanga ne da ƙofar ƙarfe, ba mai wucewa a ƙafa. Rannan ta fitar da kujera waje, ta gaida wani mutum da ya zo wucewa, ya kalle ta ya ƙara sauri. In na tambaye ta sai ta ce, "Lafiya lau, kun kyauta, Allah ya yi albarka." Ta daina ce mini Malam mai littafi. Ban san ina son sunan ba sai da ta daina.

Ga wanda ya tsorata mu. Ranar Talata Sista ta dawo daga aiki ta tarar gida ya cika da ƙauri. Mma ta ɗauki tukunya mafi girma a kicin, ta dafa shinkafa da wake a kan gas, mutum uku ne fa a gidan, ta bari ta kama, ta fito da ita bakin ƙofar waje ta zauna da cokali a hannu. Sista ta ce, "Mma, me kike yi a nan?" Ta ce ba komai. Yanzu Sista ta kulle kicin, kuma ta karɓi rana wurin likitan ƙwaƙwalwa, ƙarshen wata mai zuwa. Ta ce mantuwar da na faɗa ce ta fito fili. Da ni na fara faɗa, amma da na ji a bakin wani sai na ji ba na so.

Na ga Baba Osumanu shekaranjiya. Rigar a goge kamar kullum, sai dai ta yi masa yawa. Da ya gane ni ne, ya tsallaka ɗaya gefen titi, shi da ba ya gani sosai, har wani mai babur ya zage shi.

Na koma kan littattafan, na bi duk inda na ja layi. Ciwo ya tafi, lokaci ga shi nan har ya yi mata yawa. Duk abin da suka ce na ba ta. To me ya rage? Kai ka ce ta cancanci hutu, ba ni kaɗai na yanke ba. Kar ka bar ni da wannan ni kaɗai.

Ɗanka,
Nasrullahi

Yendi
2 ga Oktoba, 2023

Ɗana Nasrullahi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, an fara haƙar doya ta biyu. Ba fushi nake ba, kuma ban yi shiru ba. Na rubuta maka tun sha tara ga Agusta. Motar Mutawakilu ta mutu a hanya, ya yi sati biyar yana jiran kayan gyara, ruwa ya shiga gaban motar ya mayar da takardata koko. Kunya ta hana shi neman ka. Jiya ya kawo mini ita tare da naka biyu. Na karanta su, na kasa cin tuwo.

Na ce ta cancanci hutu. Na kuma ce ka jira. Ka karanta mata na farkon, ka bar na biyun a aljihu. Ba zan ƙara a kan haka ba, na ga ka riga ka fara biya.

Ga maganar tukunya. Mun sauka Accra ni da Damata shekarar da ta biyo bayan babbar yunwa, ina da sha tara, tana da sha biyar. Wanda aka turo mu wurinsa a unguwar Nima ya tashi, ba wanda ya san inda ya koma. Babanmu ya hore mu da cewa ko mutuwa za mu yi kada mu miƙa hannu. Kwana biyu ruwa kawai muka sha. A rana ta uku muna tsaye nesa da wata Bazabarmiya mai waakye, ana ce mata Hajiya Wadia, muna yi kamar jiran wani muke. Da masu saye suka watse ta ɗaga murya ta ce, "Ku 'yan arewa, ba ku da aiki ne? Ku zo ku taya ni, tukunyata ta kama, hannuna ba ƙarfi." Ta ba mu cokali biyu ta juya baya tana wanke-wanke. Muka kankare, muka ci. Ta ce mun taimake ta, gobe ma mu leƙo, don wannan tukunyar ba ta da hali.

Daga baya ta ɗauki Damata aiki. Sai da aka yi watanni Damata ta lura cewa in shinkafa ta nuna, Hajiya ba ta janye wuta, ƙara itace take yi. Ta tambaye ta. Hajiya ta ce ƙanzo ba na sayarwa ba ne, kuma ba sadaka ba ne, aiki ne. Wanda ya kankare tukunya ya ci guminsa, ya tashi da kansa a sama. Ta ce ranar da ta faɗa wa wani, abin ya lalace.

Uwarka ba ta taɓa ƙona abinci bisa kuskure ba. Da kunne take dafawa, ta san ƙarar da tukunya ke yi in ta fara kamawa, ta san kaurin da zai ishi mutum uku da wanda zai ishi shida. Ka ce ƙanzon ƙaruwa yake yi. Mutanen ne suka ƙaru.

Shekarar da kunnena ya mutu, mai injin ya sallame ni, wata takwas ina zuwa bencin nan da ƙarfe goma. Kai kana koyon gyara a Circle, in ka tarar da ni ka ɗauka hira nake zuwa. Kurma da hira. Ni da na san sirrin tun farko, ko sau ɗaya ba ta bar ni na ji ci da ni take yi ba. Kullum sai ta ce, "Yaya, sannu da aiki."

Ku bar maganar likitan ƙwaƙwalwa. Ranar Talatar nan ba mantuwa ta yi ba, ƙarfe goma ce ta yi mata.

Ban ce ku mayar da ita tsayuwa a kan gwiwa mai ciwo ba. Kai kana da gwiwa biyu. Abu biyu kawai zan roƙe ka. Kada ka nuna mata na faɗa maka. Kuma kada ka ɗauki abinci a kwano ka kai wa Osumanu, in ka yi haka ka gama kashe shi. Sauran kai ne mai karatu.

Kawunka,
Ziblim

Maamobi
22 ga Oktoba, 2023

Kawu Ziblim,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da yara. Mu nan lafiya. Mma ta ce in gaishe ka, kuma ta ce zabi tara ba kiwo ba ne, ka ƙaro.

Na karanta takardarka a tsaye a Agbogbloshie, tsakanin tulin doya. Wata mai kaya ta ce in matsa, ban ji ba sai da ta buge ni da kwanonta. Na so in yi fushi da Mutawakilu, da kai, da hanya, na duba duk ban sami wanda zan kama ba.

Kwana tara ke nan, ranar Juma'a, na je Madina. Na karanta wa Mma takardarka ta farko, dukkanta wannan karon, har inda ka ce in jira. Ta ce, "Na san Yaya ba ya magana guntuwa." Na ce to me ya sa ta yarda ta taho? Ta ce, "Tagar ɗakina a kan bencin take. Na ji abin da ka faɗa wa Osumanu. Da wane ido zan zuba masa ruwa washegari?"

Na ninke takardar na mayar aljihu. Sannan na ce ina so ta koya mini dafa waakye. Ta kalle ni sama da ƙasa. Ta ce, "Kai? A littafi na nawa ka gani?" Na ce ni zan ɗauki tukunya, ni zan tsaya, ita ta zauna ta ba da umarni. Ta ce rana ɗaya za ta gwada ni. "In mutanena sun dawo, to. In ba su dawo ba, ka mayar da ni nan in ci gaba da shara."

Sista Fauzia ta yi faɗa, ta ce mu biyun ne za a kai wa likitan. Ban faɗa mata sirrin ba, na ce ta ba ni sati guda. Ta yarda da sharaɗin doguwar kujera mai jingina, kuma Juma'a da Asabar Mma tana Madina.

Ran Lahadi na dawo da Mma gida, ran Litinin muka ɗora tukunya. Na wanke wake, na sa karan dafi har ruwan ya yi ja, hayaƙi ya sa ni kuka a gaban duk lungu. Da shinkafa ta nuna na kai hannu zan janye itace, sai na tsaya. Na ce, "Mma, ni ban iya ba, kamar bai isa ba, ko in ƙara?" Ta karkatar da kai tana sauraren tukunyar. Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Ƙara biyu." Na ƙara huɗu.

Layi ya dawo kamar ba a taɓa rufewa ba. Kowa da tambayarsa, ina ta shiga, ya ƙafa. Tana zaune tana zubawa a ganye, tana yi wa wannan faɗan ya rame, tana tambayar wancan ko matarsa ta sauka. Da ƙarfe goma Amama ta leƙo daga bakin lungu, ta ga ni ne a kan tukunya, ta juya. Mma ta ce, "Amama, zo ki ga ɓarnar da wannan ya yi mini." Ta zo. Biyu suka biyo ta. Baba Osumanu bai zo ba. Goma da rabi, bai zo ba. Mma ta hana a taɓa gefe ɗaya na tukunyar, tana ta kallon hanya, ta daina dariya.

Na cire atamfar da na ɗaura na tafi ɗakinsa. Yana zaune a ƙofa kusa da tsohon keken ɗinkinsa, rigar nan a goge. Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Me ka yi?" Na buɗe baki, na ga in na faɗa na sake faɗa ke nan. Duk maganar da na shirya a hanya ta tsere, ni da ba a taɓa rufe mini baki a Circle ba.

Sai na ce, "Baba, tukunyarmu ta kama. Mma ba ƙarfi, ni kuma ban iya ba. Ko za ka taimaka mana?"

Ya gyara zama. Sannan ya ce, "Wa ya dafa?" Na ce ni. Ya ce, "Shi ya sa. Tun daga nan nake jin ƙauri." Ya shafa aljihunsa, ya ji abin da yake nema yana nan, ya miƙo mini hannu in tashe shi. A hanya ya ce yaran yanzu ba abin da muka iya sai danna waya. Na ce haka ne, Baba.

Da muka iso Mma ta ce, "Osumanu, ka makara, aiki yana jiran ka." Ya ce, "Hajiya, ina kika samo wannan kukun?" Suka yi ta yi da ni har aka ga gindin tukunya. Ita ma ta sa hannu ta ci, na ƙirga, loma tara. Da zan ɗauke tukunyar ta ce, "Malam mai littafi, gobe ka rage itace. Ƙanzo ake so, ba gawayi ba."

Yau kwana bakwai. Sai azahar nake isa Circle, hannuna duk bororo, ko sukurun waya da ƙyar nake riƙewa. Sista ta zo ranar Alhamis ta tsaya ta kalli Mma a kan doguwar kujera, ta ci ganye ɗaya, ta kira asibiti ta soke ranar.

Littafi na takwas da ka ce in duba maka, ban saya ba tukuna, don haka ban san ko zabin naka shi ne ba. Ni dai ranar Litinin ɗin nan ina zaune a ƙasa ina cuɗa tukunya da toka, tsofaffi suna zagina a kan benci, ban san lokacin da azahar ta yi ba.

Ka gaida Mutawakilu in ya iso, ka ce masa na sa wannan a leda.

Ɗanka,
Nasrullahi